MALAM MUHAMMADU AL-KASHINAWI, GWANIN LISSAFI NA ƘASAR KATSINA

Da yawa daga cikinmu ɗalibai, da an buga ƙararrawar darasin lissafi sai gaba ya faɗi. Wasu ma cewa suke yi lissafi ilmin Turawa ne. To, ga tarihin wani ɗan ƙasarmu wanda ya gwanance a kan wasa da lambobi, har malaman Masar suka riƙa girmama shi, tun kusan shekara 300 da suka wuce.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu. Bafulatani ne, mutumin Katsina, shi ya sa Larabawa suke kiransa Al-Fulani Al-Kashinawi. A zamaninsa Katsina babban birni ne na fatauci da karatu. Ayari na zuwa daga hamada da kaya da littattafai, kuma manyan malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun riga sun bar suna. Cikin malamansa akwai Muhammadu Al-Wali, mutumin Bagarmi, da Shehu Muhammadu Bindu, wanda ya koya masa hisabi da ilmin hatimi.

Mene ne wannan ilmi? A Larabci kowane harafi yana da lambarsa. Alif 1 ne, ba 2, jim 3, dal 4, ha kuri 5, wau 6, haka har zuwa 1000. Saboda haka ana iya ɓoye suna a cikin lamba, ko a ɓoye lamba a cikin kalma. Alal misali, sunan Muhammadu harafi huɗu ne: mim 40, ha ƙarami 8, mim 40, dal 4. In an tara sai a sami 92. Da wannan dabara ce mawallafan waƙoƙi na Daular Sakkwato suke ɓoye shekarar da suka yi waƙa a baitocin ƙarshe, abin da ake kira ramzi.

Hatimi kuwa, duk yaron da ya tashi a Ruma ko Batsari ko Safana ya taɓa ganinsa a jikin allo ko a takardar malami. Zane ne mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, a kowane gida a sa lamba. Ga mafi ƙanƙanta, mai gida 9:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ka tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za ka samu. Dalili shi ne, daga 1 zuwa 9 jimlarsu 45 ce, in aka raba wa layi uku kowanne ya tashi da 15. Mutanen Sin da Indiya da Larabawa sun san wannan hatimi tun da daɗewa. Wuyar aikin ita ce a gina manya, masu gida 25 ko 49 ko fiye, ba da lalube ba, sai da ƙa'ida.

A nan Malam Muhammadu ya nuna gwaninta. Ya bar gida ya tafi aikin Hajji, a lokacin da tafiyar takan ci watanni ko shekaru, a ƙasa da bisa raƙumi. Ya zauna a Makka, daga baya ya koma Alƙahira. Ya kammala littafinsa mai suna Bahjatul Afaƙ, inda ya bayyana hanyoyin gina hatimin da yawan layukansa mara ne, wato 3, 5, 7 da sauransu. Ya kuma kammala wani babban littafi, Addurrul Manzum, a kan taurari da asirai, ya yi rubutu a kan nahawu da manɗiƙi. A wurin malaman wancan zamani lissafi da asiri tafiyarsu ɗaya, shi ya sa ya umurci almajirai su yi aikin a kaɗaice. Ya kuma gargaɗe su kada su fid da rai in abu ya ƙi fita, domin sai mai naci yake cin nasara.

A Alƙahira ya yi abota da wani babban malamin Azhar, Hasan Al-Jabarti, wanda shi ma masanin lissafi da taurari ne. A gidansa Allah ya yi wa Malam Muhammadu rasuwa a shekarar 1741, shekara 13 kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. Ya bar littattafansa a hannun mai masaukinsa, aka binne shi a Alƙahira. Ɗan Hasan ɗin, Abdurrahman Al-Jabarti, shi ne ya zama mashahurin marubucin tarihin Masar, ya kuwa sa labarin Bakatsinen a littafinsa. A 1973 wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa a littafinta na lissafin mutanen Afirka, masana a ƙasashe da dama suka ƙara saninsa.

Abin takaici, mutumin da aka san shi a Masar da Amurka, mu jikokinsa ba kowa ne ya taɓa jin sunansa ba. In muka manta da irin su, yaya za mu musa wa mai cewa ba mu da gadon ilmi?

Kafin a dawo hutu, ga aiki biyu. Na farko: wane suna ne a ɓoye cikin 4, 1, 6, 4? Ka mayar da lambobin haruffa, za ka ga sunan wani annabi wanda ya yi sarauta, jimlarsa kuma daidai take da ta hatimin da ke sama. Na biyu: ka jera 1 zuwa 25 a gida 25, kowane layi ya ba da 65. In ta ƙi fita yau, ka sake gwadawa gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya jiƙan Malam Muhammadu, ya ba mu irin naciyarsa.