Raymond Davis: Masanin da ya shiga ƙarƙashin ƙasa don sanin sirrin rana

A duk watan Yuli, garin Lead da ke jihar Dakota ta Kudu a Amurka kan yi bikin kimiyya da ake kira Ranar Nutirino, inda yara da manya ke ganawa da masu bincike kyauta. Asalin bikin yana da alaƙa da aikin da wani masani, Raymond Davis, ya yi a ramin haƙar zinare na garin.

An haifi Davis a birnin Washington ranar 14 ga Oktoban 1914. Ya karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Maryland, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1942, sannan ya shiga aikin soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1948 ya kama aiki a cibiyar bincike ta Brookhaven, inda ya mayar da hankali kan nutirino.

Nutirino ƙwaya ce mitsitsiya wadda rana ke fitarwa yayin da take samar da zafi da haske. Tana ratsa dutse da jikin mutum ba tare da barin alama ba, shi ya sa kama ta ke da matuƙar wuya. Amma idan aka ƙirga ta, za a iya tabbatar da abin da ke faruwa a tsakiyar rana.

Domin kauce wa sauran ƙwayoyin da ke zubowa daga sararin samaniya, Davis ya kafa na'urarsa a mahaƙar Homestake, a zurfin kusan mita 1,500. Ya cika wani ƙaton tanki da kimanin lita 380,000 na ruwan sinadarin wanke tufafi mai ɗauke da kilorin. Idan nutirino ta bugi ƙwayar zarrar kilorin, sai ta rikiɗe ta zama agon. Aikinsa shi ne tsamo waɗannan 'yan ƙwayoyin agon ya ƙirga su.

Sakamakon farko da ya fito a 1968 ya tayar da ƙura, domin adadin bai kai yadda lissafin abokin aikinsa John Bahcall ya nuna ba. Shekara da shekaru Davis yana samun kusan kashi ɗaya bisa uku kawai. Masana da dama sun ɗauka na'urarsa ce ke da matsala, amma ya ci gaba da gwaji har zuwa 1994.

A 2001 wani bincike da aka yi a mahaƙar Sudbury ta Kanada ya wanke shi. Ashe nutirino iri uku ce, kuma tana sauya kama a kan hanyarta daga rana, alhali tankin Davis iri ɗaya kawai yake kamawa.

A 2002 aka ba shi kyautar Nobel a fannin fiziks tare da Masatoshi Koshiba da Riccardo Giacconi. Yana da shekara 88 a lokacin, kuma cutar mantuwa ta riga ta kama shi, don haka ɗansa ne ya karanta laccarsa a Stockholm. Ya rasu ranar 31 ga Mayun 2006.

An daina haƙar zinare a Homestake, wurin ya zama cibiyar binciken ƙarƙashin ƙasa ta Sanford. Kogon da tankinsa ya zauna yana ɗauke da sunansa, kuma har yanzu ana bincike a cikinsa.