TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI ALHAJI ISA KAITA, WAZIRIN KATSINA (1912–1994)

Jama'ar Ƙofar Marusa da sauran 'yan'uwa na cikin birni da kewaye, yawancin samarinmu idan an ambaci sunan Isa Kaita, abin da ke faɗo musu a rai shi ne Kwalejin Ilmi ta Dutsin-Ma. Kaɗan ne daga cikinsu suka san ko wane ne mai sunan, balle su san dalilin da ya sa aka ga ya cancanci a sa wa makarantar horon malamai sunansa. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo tarihinsa a taƙaice, musamman zaman da ya yi a Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa daga 1951 zuwa 1966, don a ga yadda aka zaɓe shi, a kuma ga abin da ya yi da kujerar da aka ba shi amana.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Alhaji Isa Kaita a birnin Katsina cikin watan Janairu, 1912, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa shi ne Malam Haruna, Wazirin Katsina. A lokacin nan shekara 9 ke nan da shigowar Turawa Katsina. Karatun allo kowane gida an san shi, domin Katsina gari ne na malamai tun kafin zamanin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani. Amma karatun boko baƙo ne, mutane kuwa suna gudunsa, har iyaye da yawa sukan ɓoye 'ya'yansu idan an zo ɗaukar yara makaranta. Sarki Dikko ya ga cewa zamani ya juya, sai ya fara da gidansa da gidajen hakimansa da fadawansa. Ta haka Malam Isa ya shiga makaranta tun yana ƙarami.

Daga nan ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 don horar da malaman da za su koyar a lardunan Arewa, Gwamna Clifford kuma ya buɗe ta a 1922. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga can aka kai ta Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A cikinta ya yi zamani da Ahmadu Bello daga Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauchi. Sanin juna da suka yi a wannan makaranta shi ne ya zama tushen aikin da suka yi tare daga baya.

AIKIN MALANTA DA NA REDIYO

Da ya gama kwaleji a 1932, sai aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Ya shekara 9 da alli a hannu. A nan ya ga halin makarantun Arewa da idonsa: ƙarancin malamai, ƙarancin littattafai, da yaran da akan kawo da ƙyar, su gudu, a sake komo da su.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ɗauke shi zuwa Ankara, babban birnin ƙasar Gwalkwas, wadda ta zama Gana. Shi da Malam Bello Dandago na Kano suka riƙa karanta labarun yaƙi da Hausa a gidan rediyon can. Aikin ba ƙarami ba ne, gama dubban 'yan Arewa suna cikin soja, an kai waɗansu Habasha, daga baya aka kai waɗansu Bama, danginsu kuwa suna ɗokin jin halin da ake ciki. Su biyun nan suna cikin mutanen farko da aka ji muryarsu da Hausa a akwatin rediyo.

A 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu aka naɗa ɗansa Alhaji Usman Nagogo, Malam Isa ya komo gida ya shiga aikin En'e, ya zama magatakardan sabon Sarki. A 1948 aka tura shi Ingila, ya yi karatun sha'anin mulki a Exeter, sa'an nan ya komo ya ci gaba da aiki a En'en Katsina. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina, daga baya aka naɗa shi Waziri, sarautar mahaifinsa.

ZAƁEN 1951

Kafin a fahimci yadda ya shiga majalisa, sai an san yadda zaɓen wancan lokaci yake, domin ya bambanta da wanda muka saba da shi. Tsarin mulkin Gwamna Macpherson na 1951 ya ba Majalisar Wakilai ta Arewa zaɓaɓɓun wakilai 90. Amma ba a jefa musu ƙuri'a kai tsaye ba. Zaɓen hawa-hawa ne. Maza masu biyan haraji sukan taru a ƙauye ko a unguwa su fitar da mutanensu. Waɗannan su taru a gunduma su tace, a ci gaba da tacewa har a kai taron lardi, wanda shi ne ke fitar da masu tafiya Kaduna. Bugu da ƙari, doka ta ba En'e ikon ƙara mutanenta a taron ƙarshe.

Jam'iyyu biyu ne suka fi ƙarfi a ƙasar Hausa. Akwai Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko, ta zama jam'iyyar siyasa cikin watan Oktoba, 1951. Alhaji Isa Kaita yana cikin waɗanda aka kafa ta da su, ya kuma riƙe mata muƙamin sakataren kuɗi. Akwai kuma NEPU, jam'iyyar 'yan Sawaba, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga watan Agusta, 1950, Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Tarihi ba ya son ɓoye-ɓoye: wannan tsari na hawa-hawa ya fi yi wa ma'aikatan En'e daɗi. A Kano 'yan NEPU sun yi rawar gani a hawan farko, amma da aka kai hawan ƙarshe ba su sami kujera ko ɗaya ba, abin da ya daɗe yana yi musu ciwo. Ta wannan hanya ce Alhaji Isa ya fito cikin wakilan Lardin Katsina.

Bai daɗe a majalisa ba sai ga wata jarrabawa ta auko wa Arewa. Cikin watan Maris, 1953, a Majalisar Tarayya ta Ikko, Anthony Enahoro ya kawo shawarar a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa suka ƙi yarda a yanke shekara, aka yi musu ihu a titunan Ikko, har abin ya jawo tarzoma a Kano cikin watan Mayu. Dalilin ƙin nasu a fili yake. Arewa ta fi yawan jama'a da faɗin ƙasa, amma ba ta da isassun likitoci, da injiniyoyi, da malaman sakandare, da akawuna. In Bature ya tafi a wannan hali, ofisoshin Arewa sai su koma hannun waɗanda suka riga ta karatu. Daga ranar nan shugabannin Arewa suka gane cewa mulkin kai ba zai yi armashi ba sai da makarantu.

MINISTA A GWAMNATIN SARDAUNA

A 1954, shekarar da Sardaunan Sakkwato ya zama Firimiyan Jihar Arewa, aka naɗa Alhaji Isa Kaita Ministan Ayyuka, kujerar da Sardauna da kansa ya fara riƙewa a 1952. Bayan haka ya riƙe ma'aikatar da ke kula da albarkatun ƙasa.

A 1956 aka sake zaɓe. An ƙara kujerun majalisa zuwa 131, a waɗansu manyan garuruwa kuma aka fara jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce, sauran wurare aka bi tsohon tsari. NPC ta sami babban rinjaye, Alhaji Isa ya koma kujerarsa. A 1957 Alhaji Aliyu Makaman Bida ya bar Ma'aikatar Ilmi ya koma ta Kuɗi, sai Sardauna ya damƙa ilmin Arewa duka a hannun tsohon malamin Midil ta Katsina. Bai bar wannan ma'aikata ba sai da soja suka rushe gwamnati.

Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga watan Maris, 1959, Nijeriya kuma ta sami 'yanci ran 1 ga watan Oktoba, 1960. Zaɓen jiha na watan Mayu, 1961, ya bambanta da biyun farko, domin a wannan karo talaka da kansa ya je rumfar zaɓe. Akan jera akwatuna a bayan labule, kowanne da alamar jam'iyya, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, mutum ya shiga shi kaɗai ya jefa takardarsa a wanda ya ga dama. Maza ne kaɗai ke zaɓe, gama matan Arewa ba su sami wannan dama ba sai bayan 1975. NPC ta kwashe kujeru fiye da 150, NEPU ta tsira da ɗaya tak. 'Yan hamayya sun yi ta kuka da cewa alƙalai da 'yan dokan En'e suna matsa musu lamba, wannan kuwa yana cikin tarihin zamanin. Alhaji Isa ya komo majalisa a karo na uku, ya ci gaba da riƙon ma'aikatarsa. A gefen Tarayya kuwa, Alhaji Musa 'Yar'aduwa ne ɗan Katsina da ya yi fice, yana Ministan Harkokin Ikko.

ABIN DA YA YI DA KUJERAR

Aikin da ke gabansa iri uku ne: a shawo kan iyaye su ba da 'ya'yansu, a sami malaman da za su koyar da su, a kuma buɗe wa masu hazaƙa hanya har zuwa jami'a ba tare da sun bar Arewa ba. Ya yi sa'ar abokin aiki ɗan garinsu, Alhaji Ahmadu Kumasi, wanda ya jagoranci Yaƙi da Jahilci, daga baya ya zama Babban Sakataren Ma'aikatar Ilmi.

A gefen firamare, gwamnati ta ɗauko wani masani Bature mai suna Oldman ya bincika yadda ake tafiyar da makarantu da yadda ake biyan kuɗinsu. Rahotonsa shi ya haifar da Dokar Ilmi ta 1962, wadda ta buɗe hanyar kafa hukumomin ilmi a ƙasashen En'e-En'e, ta kuma tsara yadda gwamnati da En'e da ƙungiyoyi masu makarantu za su raba nauyi. A gefen sakandare, makarantun lardi da suka maye gurbin Midil suka bunƙasa. A ta Katsina ce Muhammadu Buhari da Shehu Musa 'Yar'aduwa suka yi karatu a shekarun ministancinsa. A gefen malamai, an buɗe Babbar Kwalejin Horon Malamai a Zariya a 1962.

Babban abin da aka fi tunawa shi ne Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Zariya ran 4 ga watan Oktoba, 1962, da ɗalibai fiye da 400. Sardauna ne uban tafiyar, shi ne kuma Shugabanta na farko, amma ilmin jihar duka yana wuyan Ministan Ilmi a lokacin. Jami'ar tana da reshe a Kano, Kwalejin Abdullahi Bayero, inda aka ba da ƙarfi ga Larabci da ilmin addinin Musulunci. Wannan ya nuna wa iyaye cewa ɗan makarantar ilmi ma yana da hanyar samun digiri. Reshen nan shi ne ya zama Jami'ar Bayero a 1977.

Ba a ce an gama aikin ba. Har zuwa 1966 Arewa tana bayan Kudu nesa ba kusa ba wajen yawan yara a makaranta, musamman 'yan mata. Amma yawancin manyan ma'aikatan da suka riƙe sababbin jihohin Arewa bayan 1967 sun bi ta makarantun da ma'aikatarsa ta gina ko ta faɗaɗa.

BAYAN JUYIN MULKI

Ran 15 ga watan Janairu, 1966, waɗansu hafsoshin soja suka kashe Sardauna a Kaduna, suka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Ikko. Aka rufe majalisa, aka naɗa Manjo Hassan Usman Katsina Gwamnan Arewa. Allah ya yi Alhaji Isa yana da sauran kwana. Ya zauna a Kaduna, ya shiga hukumomin gudanarwa na waɗansu kamfanoni, yana kuma riƙe da sarautarsa ta Waziri.

Da aka komo mulkin farar hula a 1979, Shugaba Shehu Shagari ya ba shi shugabancin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda tsarin mulki ya ɗora wa karɓar bayanin dukiyar masu riƙe da muƙaman gwamnati. Irin wannan aiki ba a ba wanda ake shakkar hannunsa. Yana kuma cikin dattawan da suka nemi a ba Katsina jiharta, ya ga cikar wannan buri ran 23 ga watan Satumba, 1987. Gwamnatin Nijeriya ta ba shi lambar girma ta CON, ta Ingila kuma ta ba shi CBE.

RASUWARSA

Alhaji Isa Kaita ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba, 1994, yana da shekara 82. Sau uku ya shiga majalisa, ta hanyar zaɓe iri uku. Jam'iyyar da ya tsaya a ƙarƙashinta ta shuɗe, Jihar Arewa da ya yi wa minista an rarraba ta, waɗanda suka yi hamayya da shi su ma sun riga mu gidan gaskiya. Makarantun kuwa suna nan, 'ya'yanmu da jikokinmu suna shiga suna fita. Duk wanda ya zo neman ƙuri'armu, ya kamata mu auna shi da wannan mudu, mu tambaye shi abin da zai bari a baya idan kujerar ta koma hannun wani.

Allah ya jiƙan Waziri Isa Kaita, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, amin.