Robert Bunsen: Malamin da ya rasa ido a ɗakin gwaje-gwaje, bai kuma daina koyar da ɗalibai da hannu ba

Duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya san sunan Bunsen, ko da bai taɓa kunna murhun da ke ɗauke da sunan ba. Zanensa yana cikin littafin karatu: bututun ƙarfe a tsaye, ƙofar iska a gindi, harshen wuta shuɗi a sama. Abin da littafin bai cika faɗa ba shi ne, mai sunan, Robert Wilhelm Bunsen, ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana gani da ido ɗaya, sakamakon wani sinadari da ya fashe masa a fuska. Duk da haka ya ci gaba da tsayawa kusa da ɗalibansa a teburin gwaji har ya kai shekara 78.

An haife shi a ƙarshen watan Maris na 1811 a garin Göttingen na ƙasar Jamus, shi ne auta cikin 'ya'ya maza huɗu. Mahaifinsa, Christian Bunsen, shi ne shugaban ɗakin karatu na jami'ar garin, kuma farfesan harsuna. A wannan jami'a Robert ya karanci ilimin sinadarai a hannun Friedrich Stromeyer, ya samu digirin digirgir yana da kimanin shekara 20. Daga nan ya zaga Jamus da Faransa da Ostiriya, yana shiga masana'antu da ɗakunan gwaje-gwaje domin ya ga yadda ake aikin da idonsa.

Gubar da ya yi wa magani, da wadda ta ci masa ido

Aikinsa na farko da ya yi suna ya shafi asenik, gubar da a wancan zamani ake samu cikin sauƙi, ake kuma kashe mutane da ita. A 1834, shi da wani likita mai suna Arnold Berthold suka nuna cewa wani haɗin tsatsar ƙarfe mai danshi yana kama asenik a ciki, ya mai da shi abin da ba ya narkewa, don haka jiki ba ya tsotse shi. An daɗe ana amfani da wannan magani.

A 1836 ya koma koyarwa a makarantar fasaha ta Kassel, a 1839 kuma ya koma jami'ar Marburg. A waɗannan shekaru ne ya duƙufa kan binciken kakodil, wani ruwa mai ɗauke da asenik wanda sunansa ma daga kalmar Girkanci mai nufin ɗoyi ya samo asali. Ruwan guba ne, kuma yana kamawa da wuta da kansa da zarar iska ta taɓa shi. Bunsen ya shafe kusan shekara shida yana aiki da shi a ɗakunan da ba su da irin kariyar da ake da ita a yau. Turirin gubar ya kwantar da shi har ya kai bakin mutuwa. Sannan wani haɗi na kakodil ya fashe a gabansa, idonsa na dama ya mutu har abada.

Binciken ya ɗaukaka sunansa a Turai, domin ya taimaka wajen tabbatar da cewa akwai gungun ƙwayoyin zarra da ke tafiya tare daga wannan haɗi zuwa wancan ba tare da sun rabu ba. Amma bayan kammala shi, Bunsen ya bar wannan reshe na ilimin sinadarai, ya mai da hankalinsa kan awo da ƙera kayan aiki. A 1841 ya ƙera batir mai amfani da gawayi a maimakon ƙarfen filatinam mai tsada. Ya auna iskar da ke fita daga manyan murhunan narka ƙarfe, ya nuna cewa a Jamus kusan rabin zafin makamashin yana tafiya a banza, a Ingila kuwa, inda ya yi aikin tare da Lyon Playfair, asarar ta haura kashi 80 cikin 100.

Sharaɗin da ya kai shi Heidelberg

A 1852 jami'ar Heidelberg ta nemi ya gaji Leopold Gmelin. Gwamnatin jihar Baden, wadda jami'ar ke ƙarƙashinta, ta yi masa alƙawarin gina sabon ɗakin gwaje-gwaje. Kafin ginin ya kammalu, ɗalibai suna aiki ne a wani tsohon gidan zuhudu na limaman Kirista, suna ɗumama sinadarai da garwashin gawayi da fitilun sifirit. Irin wannan wuta ba ta da daidaito, tana da wuyar ragewa ko ƙarawa, sifirit kuma idan ya zube teburi ne ke kamawa.

Gwamnatin ta cika alƙawari, an buɗe ginin a 1855. A daidai lokacin garin Heidelberg ya fara haska titunansa da iskar gas ta kwal, aka ja bututun har cikin sabon ginin. Matsalar ita ce, fitilun gas na lokacin don haske aka yi su, harshensu rawaya ne, mai hayaƙi, yana baƙanta gindin kwalba, zafinsa kuma bai isa ba.

Bunsen ya kai shawararsa ga makanikin jami'ar, Peter Desaga. Dabarar mai sauƙi ce: a bar gas ɗin ya haɗu da iska tun kafin ya kai ga wuta. Gas yana fitowa da ƙarfi ta wata 'yar ƙofa a gindin bututu, yana jawo iska ta ramukan gefe, su gauraya yayin da suke hawa, sai su ƙone a baki da harshe shuɗi marar hayaƙi, wanda zafinsa kan kai kimanin digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas. Desaga ya ƙera guda 50 domin ɗaliban sabon ginin. Wasu, ciki har da Michael Faraday na Ingila, sun riga sun gwada makamancin wannan tsari, amma na Heidelberg ne ya bazu a duniya. Bunsen bai yi masa rajistar haƙƙin mallaka ba, kamar yadda bai yi wa sauran ƙirƙire-ƙirƙirensa ba, saboda haka kowace makaranta ta iya mallakarsa da araha.

Wannan harshen wuta marar launi sosai shi ya buɗe ƙofar babban aikinsa. Shi da masanin kimiyyar lissafi Gustav Kirchhoff suka ƙera na'urar rarrabe launukan haske, suka nuna cewa kowane sinadari yana da nasa layukan launi idan aka ƙona shi. Da ita suka gano siziyom a 1860 da rubidiyom a 1861. Sai da aka ƙafar da kimanin tan 40 na ruwan ma'adinai na Dürkheim kafin Bunsen ya samu 'yan giram na gishirin siziyom.

Malami a bakin teburi

Ɗalibansa sun fi tuna shi da yadda yake koyarwa. Bai yi aure ba, gidansa yana manne da ɗakin gwaje-gwajen, kuma yakan yini yana zagaya tebura. Sabon shiga ma da kansa yake nuna masa yadda ake tace ruwa, yadda ake wanke abin da ya kwanta a gindin kwalba, yadda ake riƙe bututu a kan wuta. Gwani ne wajen hura gilashi, yawancin kayan aikinsa shi ya ƙera su. A wurinsa gani ya kori ji, yi da hannu kuma ya kori gani. Cikin waɗanda suka ratsa ta hannunsa akwai Henry Roscoe, wanda ya kai wannan salon koyarwa Manchester, da Lothar Meyer, da Adolf von Baeyer wanda ya ci kyautar Nobel a 1905.

Yana da nasa giɓin. Bai so karɓar mata a ɗakinsa ba, sai da aka matsa masa kafin ya bar 'yar Rasha Julia Lermontova ta shiga. Ita ce daga baya ta samu digirin digirgir a Göttingen a 1874. Ta fuskar kare kai ma, ba abin koyi ba ne a kowane hali. Fatar yatsunsa ta yi kauri saboda ƙuna, har yakan sa yatsa a harshen wuta ya nuna wa ɗalibai inda zafi ya fi ƙaranci. A ƙarshen shekarun 1860 garin wasu ƙarafa dangin filatinam ya fashe yayin da ya taɓa shi, ya ƙona masa hannu da fuska, aka yi fargabar ɗayan idon ma ya tafi, amma ya tsira. Tabarau na kariya, da akwatin zuƙe hayaƙi, da dokar hana aiki ba mai kulawa, duk darussa ne da aka tara daga raunukan mutane irinsa.

Ya yi ritaya a 1889, ya mutu a Heidelberg ranar 16 ga Agusta, 1899, yana da shekara 88.

Murhunsa yana cikin manhajar sakandare a Najeriya, kuma hukumomin WAEC da NECO suna jarraba ɗaliban kimiyya a aikace. Sai dai a makarantun gwamnati da dama, ɗalibi yakan fara taɓa kwalbar awo ne ana dab da jarrabawa, a ɗakin da ba gas, ba ruwan famfo, ba tukunyar kashe gobara, ba ma'aikacin da aka horar ya kula da kayan. A nan haɗari ya fi yawa, domin hannun da bai saba ba shi ke zubar da asid, shi kuma ke ratsa harshen shuɗin da ba a ganinsa sosai da rana. Abin da ya sa Heidelberg ta yi fice abu uku ne da ake iya nema a cikin kasafin kuɗi: ginin da gwamnati ta yi alƙawari ta kuma gina, makanikin da ake biya albashi, da malamin da ke da lokacin tsayawa kusa da kowane ɗalibi. Duk mai son sanin ko jiharsa da gaske take kan ilimin kimiyya, sai ya buɗe kasafin ma'aikatar ilimi ya nemi waɗannan ukun, sannan ya je makarantar unguwarsu ya ga ko murhun yana kamawa.