Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam

Ku sani, ya 'yan'uwa, an haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara cikin shekarar 1911. Ɗan gidan malamai ne, da allo ya soma kafin ya shiga Kwalejin Katsina. A wancan zamani yaran elementare sukan iya haɗa baƙi da wasali na boko, amma littattafan Hausa masu jan rai ƙalilan ne, sai karatu ya zube. Cikin 1936 ya zauna Zariya wata shida, ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, ya sa hikima a bakin aku. Yaro na bin labari, ashe karatu na zama. Har Gusau da Bunguɗu an karanta shi a makarantu. Ya rasu a Zariya cikin 1981. Allah ya jiƙansa.