Marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato: Ɗan Wasan Da Muka Manta

Babu ɗayanmu da bai san Sardauna a matsayin Firimiyan Jihar Arewa ba. Amma kaɗan ne ke tuna cewa kafin ya hau kujerar mulki, ɗalibi ne kamarmu, kuma ɗan wasa ne.

An haifi Ahmadu a Rabah, gabas da Sakkwato. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kuma jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne. Yana ƙaramin yaro mahaifin ya rasu. Bayan karatun allo ya shiga makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan a 1926 aka tura shi Kwalejin Katsina, inda ya yi shekara biyar.

A Katsina ne ya haɗu da wasannin Turawa guda biyu, wato kurket da ƙwallon bango da ake kira fayibs. Shi fayibs daga makarantar Eton ta Ingila ya samo asali, wani malami mai suna Hogben ya kawo shi Arewa. Mutum biyu ke karawa da biyu a cikin fili mai bango uku, da tafin hannu ake dukan ƙwallon. A can Ingila ƙaramin ƙwallo mai tauri suke bugawa da safar hannu, mu kuwa ƙwallon tanis muke duka da hannu tsirara. Wanda ya taɓa kwana da kumburarren tafi ya san abin da nake nufi! Ahmadu ya gwanance har ya zama kyaftin ɗin fayibs na kwalejin, kuma bai bar wasan ba ko da girma ya zo.

A 1931 ya dawo ya koyar a Midil ta Sakkwato. A 1934 aka naɗa shi Sarkin Rabah. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938 ya nemi gadon, Allah ya ba Abubakar na Uku, shi kuma aka yi masa Sardauna aka tura shi Gusau. A nan ya gamu da jarrabawa mafi ɗaci, domin an zarge shi da cin kuɗin jangali, aka yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. A ganina wannan shari'a ce ta mai da shi ɗan siyasa. Ya zama Firimiya a 1954, ya kafa jami'ar Zariya a 1962, sojoji suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Allah ya ji ƙansu.

Wasannin nan biyu kowane da tasa ƙaddarar. Kurket ya daɗe a ƙasar nan, tun 1904 'yan wasan Ikko suka kara da na Gwalkwas, wato Gana ta yanzu. Sardauna bai ga gasar cin kofin duniya ta farko ba, wadda aka yi a Ingila a 1975, inda kowane ɓangare ke da zagaye 60 na jifa, ƙungiyar tsibiran Karebiyan ta doke Ostireliya a wasan ƙarshe. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan matanmu kuma suka doke Niyu Zilan a Malesiya a 2025. Amma a Arewa kurket ya ja baya ƙwarai. Fayibs ne ya yi saiwa a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi, har aka sa kofi da sunan Sardauna.

Kwanan baya na taso daga Wamakko na leƙa makarantarmu. Bangon filin fayibs ya tsage, awaki ke kwana a ciki, yaran da na tambaya kuwa ba su san amfaninsa ba. Zan kawo maganar gyaransa a taronmu mai zuwa, kuma ina roƙon duk wanda hannunsa bai manta ba ya zo da ƙwallo.