Lal Bahadur Shastri: Ya sa hannu a sulhu da rana, ya cika cikin dare

Idan ana lissafin shugabannin Indiya, yawancinmu daga Nehru sai mu tsallaka zuwa 'yarsa Indira Gandhi. A tsakaninsu kuwa akwai wani ɗan gajeren mutum mai sanyin murya da ya riƙe ƙasar wata 19 kacal. A cikin wannan ɗan lokaci ya yi yaƙi da Pakistan, ya yi sulhu da ita, sulhun kuma shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya.

An haifi Lal Bahadur ranar 2 ga Oktoban 1904 a Mughalsarai, kusa da Varanasi. Mahaifinsa malamin makaranta ne, ya rasu tun yaron bai cika shekara biyu ba, don haka a gidan kakanninsa na wajen uwa ya tashi. Shastri ma ba sunan gidansu ba ne, laƙabin ilimi ne da ya samu a makarantar Kashi Vidyapith, ya bi shi har kabari. Ya shiga gwagwarmayar Gandhi tun yana saurayi, Turawan Ingila suka yi ta ɗaure shi.

Bayan 'yancin kai a 1947 ya riƙe muƙamai da dama. Wanda aka fi tunawa da shi shi ne ministan jiragen ƙasa: a 1956 jirgi ya yi hatsari a Ariyalur, mutum fiye da 140 suka mutu, sai ya ajiye aiki, alhali ba shi ke tuƙi ba. Da Nehru ya rasu a watan Mayun 1964, jam'iyyar Congress ta ɗora shi, ya zama firaminista ranar 9 ga Yuni.

Ƙasar da ya gada tana fama da ƙarancin abinci, tana dogaro da alkamar Amurka. Ya roƙi jama'a su riƙa barin cin abinci sau ɗaya a mako, kuma daga gidansa ya fara. Ana cikin wannan hali rikici ya ɓarke da maƙwabciya. A Afrilun 1965 aka fara arangama a yankin Kutch, a Agusta mayaƙa suka kutsa Kashmir daga ɓangaren Pakistan, ranar 6 ga Satumba kuma Shastri ya ba sojojinsa umarnin tsallaka iyaka su nufi Lahore. Dubban sojoji suka mutu kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta samu a tsagaita wuta a ƙarshen watan.

Daga nan Tarayyar Sobiyet ta shiga tsakani. Firaministanta Alexei Kosygin ya gayyaci Shastri da shugaban Pakistan Ayub Khan zuwa Tashkent, babban birnin Uzbekistan na yau. Aka zauna daga 4 zuwa 10 ga Janairun 1966. Abin da aka amince da shi: kowa ya mayar da sojojinsa inda suke kafin 5 ga Agustan 1965, a gama kafin 25 ga Fabrairu, a yi musayar fursunonin yaƙi, jakadu su koma bakin aiki, sannan a duba yadda za a maido da ciniki da sufuri.

Ba ƙaramin abu Shastri ya sadaukar ba. Sojojin Indiya sun kama mashigar Haji Pir da jininsu, shi kuma ya yarda a mayar da ita, yana sane da cewa zagi na jiransa a gida. Shi ma Ayub bai tsira ba: ministan harkokin wajensa, Zulfikar Ali Bhutto, ya bar gwamnati bayan 'yan watanni, ya mayar da Tashkent sandar dukansa.

A daren da aka sa hannu, bayan ƙarfe ɗaya, Shastri ya farka da tari da sarƙewar numfashi. Kafin a yi wani abin kirki rai ya yi halinsa, yana da shekara 61. Gwamnati ta ce bugun zuciya ne. Matarsa Lalita ba ta gamsu ba, ta yi zargin guba. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ban ga abin mamaki ba idan zuciyar dattijon da ta taɓa bugawa a baya ta gaza bayan mako guda na matsin lamba cikin sanyin Janairu. Abin da ke damuna shi ne ba a binciki gawar ba. Na sha gani a wurin aiki: idan ba a yi wa iyali bayanin da zai gamsar da su ba, zargi ba ya mutuwa. Na Shastri tun 1966 yake yawo. Da gari ya waye, Ayub Khan, wanda ya yaƙe shi wata huɗu da suka wuce, yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa zuwa jirgi.

To, me ya rage daga yarjejeniyar? Sojoji sun janye, jakadu sun koma. Amma ciniki fa bai dawo ba. A farkon shekarun 'yancin kai, fiye da rabin kayan da Pakistan ke fitarwa Indiya suke zuwa. Bayan yaƙin 1965 aka rufe ƙofar kusan shekara tara, sai a ƙarshen 1974 aka amince a buɗe. Layin dogon da ya haɗa Munabao da Khokhrapar kuwa sai a 2006 jirgi ya sake bin sa. Kowace ƙasa ta ƙwace kadarorin 'yan ɗaya ƙasar da sunan dukiyar abokin gaba. Wa ya ji a jikinsa? Ɗan kasuwa, manomi, da tsohuwar da 'yar'uwarta ke can tsallaken iyaka.

A ɗakin jinyar da nake aiki akwai 'yan Indiya da 'yan Pakistan. Suna hira da harshen da kowa ke fahimtar na kowa, suna cin abinci a faranti ɗaya, amma a gida da wuya ɗaya ya samu bizar ziyartar ɗaya. Mu da ke zaune a ƙasar wasu mun san ciwon wannan: a rufe iyaka rana ɗaya ne, buɗe ta sai an shekara ana fama.

Shastri bai bar dukiya ba. Har bashin rupi 5,000 na motar Fiat ya mutu ya bari, matarsa ta biya daga kuɗin fansho. Ya tsayar da yaƙi da farashin da ya san zai iya cinye masa kujera. Sauran aikin, wato hanya, kasuwa da biza, ya faɗa hannun waɗanda suka biyo baya, kuma har yau ba su kammala shi ba.