Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Rawar da Kano Ta Taka a Binciken Sararin Samaniya

An haifi Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a watan Disamba na shekarar 1912, a ƙasar Bauchi. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma Makarantar Midil ta Bauchi ya kama aikin malanta, har ya kai ga zama shugabanta. A farkon aikinsa ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga a 1934. A shekarar 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya ƙaro ilmi a fannin koyarwa.

Da ya dawo gida sai ya shiga Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa, daga nan ya wuce Majalisar Legas a 1947. A 1950 ya gabatar da ƙudurin neman gyara tsarin mulkin En'e, a zamanin da ba kowa ke iya ɗaga murya a kan wannan batu ba. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, sannan Firayim Minista a 1957. Shi ne ya karɓi takardun 'yancin kan Nijeriya ranar 1 ga Oktoba, 1960.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa wanda ya shafe mu a Jihar Kano, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba. A wancan lokaci Amurka na shirin tura ɗan'adam ya kewaya duniya cikin kumbo, a ƙarƙashin shirin Mercury na hukumar NASA. Shi kumbo gudunsa ya kai ya kewaye duniya cikin kusan sa'a ɗaya da rabi, saboda haka tashar rediyo guda ba ta iya jin sa sai na 'yan mintoci. Wannan ya tilasta wa Amurka neman yardar wasu ƙasashe domin kafa jerin tashoshi 18 a sassan duniya. Biyu daga ciki sun faɗo Afirka, ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Gwamnatin Sa Abubakar ta ƙulla yarjejeniyar tashar Kano a watan Oktoba na 1960, makonni kaɗan bayan samun 'yanci.

Ranar 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya kewaya duniya sau uku cikin kumbon Friendship 7. Da ya iso saman yankinmu ya shaida wa ma'aikatan tashar Kano cewa yana hango ƙura ta turnuƙe, su kuma suka tabbatar masa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Duk Bakano ya san wannan yanayi, domin lokacin hazon hunturu ne. Tashar Zanzibar an rufe ta a 1964 bayan juyin juya hali, amma ta Kano ta ci gaba da aiki har cikin shirin Gemini.

Ranar 23 ga Agusta, 1963, aka sake kafa wani tarihin. Sa Abubakar ya yi magana ta waya da Shugaban Amurka John Kennedy ta hanyar tauraron ɗan'adam Syncom 2, da taimakon jirgin ruwan Kingsport da ke tashar jiragen ruwa ta Legas. Wannan ita ce hira ta farko kai tsaye tsakanin shugabannin gwamnatoci biyu ta tauraron ɗan'adam.

Darasi na farko da muke ɗauka shi ne cewa haɗin kai da manyan ƙasashe bai hana shi kare mutuncin ƙasarsa ba. A watan Janairu na 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a hamadar Sahara ta Aljeriya. Watanni uku ne kacal tsakanin wannan mataki da yarjejeniyar Kano. Ya yi maraba da kimiyyar da ke amfanin jama'a, ya ƙi wadda ke barazana ga rayukansu.

Darasi na biyu shi ne haƙuri da iya tattaunawa. Da su ya shigar da Nijeriya Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin ƙasa ta 99, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Addis Ababa a 1963.

Darasi na uku mai ɗaci ne. Martabar da ya samu a waje ba ta kashe wutar cikin gida ba. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da zaɓen 1964, da rikicin Jihar Yamma na 1965, duk sun raunana gwamnatinsa. Ranar 15 ga Janairu, 1966, wasu sojoji suka yi juyin mulki suka ɗauke shi daga gidansa a Legas, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. An binne shi a Bauchi.

Sai a 1999 Nijeriya ta kafa hukumarta ta binciken sararin samaniya, NASRDA. Tauraronta na farko, NigeriaSat-1, an ƙera shi a Ingila, aka harba shi daga Rasha a 2003. A 2011 aka harba NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa lokacin da suke samun horo a Ingila.

Saboda haka muke kira ga malamai da ɗalibai na makarantun Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da sauran sassan jiha da su riƙi darussan lissafi da kimiyya da muhimmanci. A wancan lokaci Kano ta bayar da fili, baƙi suka kawo na'urori da ƙwarewa. Abin da ya rage mana shi ne mu samar da ƙwararrun daga cikin 'ya'yanmu.

Allah Ya jiƙan Sa Abubakar, Ya gafarta masa, amin.